Tambayar Mama Rifkatu

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa daga Doha cikin sunan Ubangiji. Yaya gwiwarki? Yaya Diyana da yara? Ni lafiya lau nake, gadi ya fi aikin ɗan sanda kwanciyar hankali.

Juma'a ce kawai ba na so. Ranar masu iyali ce a babban kantin da nake gadi, lebura ba ya shiga. Sukan zo daga Sana'iyya, unguwar leburori, cikin wankakkun kaya, ni kuma in tare ƙofa. Ba sa gardama, Mama. Tsayawa suke yi su zuba min ido.

Na san irin kallon nan. Kin tuna ranar da matan garinmu, Kirista da Musulmi, suka yi tattaki cikin baƙaƙen kaya, da ganye a hannu, don kada a raba kasuwa biyu? Ina cikin 'yan sandan da suka tare hanya. Mama Rifkatu, ƙawarki ta Zumuntar Mata, ta gane ni duk da hular kwano. Ta share min gumi da bakin zaninta, ta ce, "Ɗan Hannatu, ka ci abinci kuwa?" Kafin in amsa aka ba da oda. Barkonon tsohuwar da ya kwantar da ita asibiti, ni na harba. Ban taɓa gaya miki ba.

Har yau in na ɗaga cokali sai in ji tarinta.

Don Allah ki je gidanta da kanki, ki ce mata ni ne. In ta yarda ta saurara, ki ce mata ina ci, amma da ƙyar yake wucewa.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ɗanki,
Ayuba