Ɓera Mai Yankakken Kunne

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin ce in daina yi miki kwana-kwana kan aikinmu. To ga shi. Mukan lalata wani gurbi a ƙwaƙwalwar ɓera har ya riƙa juyi wuri ɗaya, cin abinci ma ya gagare shi, kamar yadda cokali ke gagarar Baba. Sai mu aske masa kai, mu dasa masa ɗan yankin ƙwaƙwalwa mai lafiya, bai kai ƙwayar shinkafa ba. In jijiyoyin jini suka tsiro suka shige shi, dashen ya rayu. In ba su shiga ba, yunwa ta kashe shi a cikin kai. Yawanci hakan ke faruwa.

Amma akwai wani mai yankakken kunne, Ɗan Duniya nake ce masa. Yaya, ya daina juyi! Jiya da hannu biyu ya riƙe abinci, har da cizona, ja'iri. Ki gaya wa Baba.

Ƙanenki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki da ɗawainiya. Ya ƙarfin jikin Baba?

Saƙonki ya karya min zuciya. Wai kullum sai ya tambayi Ɗan Duniya, kuma ya sa mai aski yana zuwa yi masa ƙwal-kwabo, don ranar da zan kira shi tiyata in same shi a shirye.

Abin da ban gaya miki ba, ba a ganin jijiyoyin sai an buɗe kai. Shugabarmu ta ce lokaci ya yi. Ni na sa shi barci, ni na ɗura masa tawada ta zuciya don kowace jijiya ta fito baƙa. Muka yanka ƙwaƙwalwar siri-siri, muka duba a madubin awo.

Fari fat, Yaya. Ko jijiya ɗaya ba ta shiga ba, dashen ya daɗe da mutuwa. Da kansa ɓeran ya koyi tafiya, ba aikinmu ba ne. Shi kaɗai ya warke, shi kuma na kashe. Wallahi ji nake na tsani hannuwana.

Ki matsa wa Baba ya riƙa shan maganinsa. In ya tambayi Ɗan Duniya, ki ce ya daina juyi, ba ki yi ƙarya ba. Mai askin kuma, don Allah, ki bar shi ya ci gaba da zuwa.

Ƙanenki,
Auta