Na Bar Shiga Rijiya

Gusau,
2 ga Maris, 1998.

Zuwa ga uwargidana Kulu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kulu, na ɓoye miki wani abu. Ba ciwon baya ne ya zaunar da ni ba. Tun ranar da rijiyar Magami ta rufta da ni, aka jawo ni bakina cike da ƙasa, ko rami na leƙa sai in ja da baya don tsoro. Shekara ashirin da shida ina haƙar rijiya, ga yadda na koma. Abin da ya kawo ni Gusau ke nan. Masu haƙa rijiyar burtsatse sun ɗauke ni gwaji, in riƙa duba ƙasar da inji ke fitarwa ina gaya musu abin da ke ƙasa. Injin kuwa in ya yi ruri, har cikin haƙorana nake ji. Ban san ko zan kai wata ba.

Ki gaida kowa.
Mijinki,
Ɗanjuma.

Tsafe,
19 ga Maris.

Kulu,

Ina gaishe ki da su Inna. Da fatan zafin nan bai takura muku ba.

Muna wani ƙauye a bayan duwatsu. Sau biyu muka haƙa inda na'urar neman ruwa ta shugabanmu, Injiniya Ashiru, ta nuna, ba mu samu komai ba sai farar ƙura. Jiya na zagaya gari, na ga wani tsohon ɓaure ganyensa shar, ga suri a gindinsa da danshi. Bakina ya riga hankalina, na ce a gaban mai gari da an haƙa nan da an dace. Injiniya ya ce ya yarda, amma in sani rami ɗaya ya rage mana a nan. In ya bushe, tattarawa za mu yi mu bar matan garin da kududdufin da suke sha tare da shanu.

A da in na yi kuskure, gumina kaɗai ke tafiya a banza. Yanzu gari guda ne. Har sun fara kirana Malam mai ganin ruwa, alhali ba na ganin komai, ƙasa kawai na sani. Abinci ya ƙi shiga. Ki roƙi Inna ta sa ni a addu'a.

Naki,
Ɗanjuma.

Bungudu,
27 ga Maris.

Kulu tawa,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa kuna ƙalau.

A gindin ɓauren nan na ƙauyen Tsafe, kwana biyu inji na feso farar ƙurar nan. A rana ta uku Injiniya ya ɗaga hannu a tsaya. Na damƙi ƙasar, sai ta dunƙule a tafina, da ɗan sanyi. Na roƙe shi a ƙara bututu ɗaya don a daɗa zurfi, ya ce a ƙara. Daga nan na kasa tsayuwa. Na zagaya bayan dutse na durƙusa na toshe kunnuwa. Ban ga fitowar ruwan ba, Kulu, guɗar mata ce ta ratsa yatsuna. Na dawo na tarar da Injiniya a jiƙe sharkaf yana nemana.

Ruwan ba shi da yawa, amma zai riƙe famfo. Yanzu Injiniya yana koya mini lambobin na'urarsa, ni kuma ina koya masa ƙasa. Gobe ni zan nuna wuri a nan Bungudu. Na zaci tsoron zai tsaya a Tsafe, ashe tare muka hau mota.

Ki ciro dagina da igiyata na haƙar rijiya daga ƙarƙashin gado ki ba ƙanena Hamidu. In ya tambaya ko aro ne, ki ce masa kyauta ce.

Ki shafa mini kan yara.
Mijinki,
Ɗanjuma.