Yaya Ila da ɗan fashin da ya tuba

Madarunfa, daren Laraba, Yuli 1996

Barci ya ƙi zuwa. Yau Yaya Ila ya ɗauki littafin zanen da na aro a Maraɗi, na wani ɗan fashi da ya tuba, wanda yake rufe fuska yana kama ɓarayi cikin duhun birni. Yaya Ila bai daɗe da fitowa daga kaso ba. Ya ce in fassara masa Faransancin.

Da na gama sai ya ce, "Ƙanena, shi ya ji daɗi, yana da abin rufe fuska. Ni da tawa nake shiga masallaci."

Da magariba aka sace akuyar maƙwabta, kowa ya dubi gidanmu. Na rantse musu muna tare tun la'asar, kuma gaskiya na faɗa. To me ya sa da na shigo na ɗaure kekena da sarƙa?