Rasit a Kan Talabijin

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, Malamata, Maman 'yan biyu,

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a jakar makarantarki daga mutumin da kuke kwana ɗaki ɗaya. Bakina ya sha yi miki alkawari har darajarsa ta zube, shi ya sa yau na wakilta hannu.

Jiya na dawo daga shago na tarar da rasit a kan talabijin, an danne shi da rimot. Ashe da ƙafarki kika je kika biya mini kuɗin tashoshin ƙwallo na gasar da za a buga a dogon hutun nan. Da na dube ki, sai kika ce, "Na ga kana so ne," kika mayar da kai kan takardun jarrabawar da kike dubawa. Ba faɗa, ba gori. Wallahi da marina kika yi, da ya fi mini sauƙi!

Kin tuna shekararmu ta farko, ɗaki ba kujera balle talabijin? Muna zaune a tabarma kika juya bayan kalanda, kika zana hanya da jan bironki tun daga ƙofar gidanmu har bakin teku, har da inda za mu tsaya mu sha shayi. Kika ce kunya kike ji, kullum kina zana wa yara teku a allo, kina faɗa musu ruwansa gishiri ne, alhali ba ki taɓa ganinsa ba. Na bugi ƙirji na ce da zarar an yi hutu zan kai ki. Shekara tara ke nan, ya hasken gidana!

Kowace shekara sai in ce bari a gama kakar wasanni. Ana gamawa wata gasar ta ɓullo, in biya, in ce ai badi na nan. Ke kuwa hutunki ya ƙare tsakanin kicin da igiyar shanya, kina jiyo ihuna a falo a kan wasu ƙattai da ba su ma san ina duniya ba. Duk sanda hutu ya gabato kina tambayata zancen tafiyar. Bara kin tambaya da murya ƙasa-ƙasa. Bana ba ki tambaya ba, biya kika yi. Ashe haka mace take sallama abu, cikin murmushi? Tukunyar da ta daina ƙara a kan wuta, ai ruwanta ne ya ƙone. Tsoro nake ji, masoyiyata. Tsoron ki cire rai da ni, mu ci gaba da zama lafiya lau, ina kwana, sannu da aiki, shi ke nan.

Yau da safe na cire dikoda na kai wa mai askin bakin layi, don kada kuɗinki su tafi a banza. Sai da ya tambaye ni sau biyu ko lafiyata ƙalau. Mota tana wurin bakanike, an sauya tayoyi biyu. Ƙanena ya yarda zai riƙe shago kwana goma. 'Yan biyu ne kawai ban faɗa wa ba, don ba ni da bakin cewa za a je sai kin ce.

Ban ce ki gaskata ni yau ba, ni na jawo. Amma ga ni, ni ne yanzu nake tambaya: za ki zo mu tafi Asabar ɗin farkon hutu? Ina so in tsaya a bayanki lokacin da ruwan zai fara taɓa ƙafarki, in ga fuskarki idan kin waiwayo. In kin ce a'a, ba zan ga laifinki ba. Zan sake tambaya badi, in sake shekarar da ke biye, ina jira yadda kika jira, har ranar da kika ga na cancanci amsa.

Naki ke kaɗai, muddin da sauran numfashi,
Baban 'yan biyu