Ba Beli Ba Ne

Mando, Talata

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Umma da Kaka. Takarda na rubuto tunda ka hana ni taka gidan, wayata ma ka daina ɗauka.

Yaya Jamila ta ce kun kira Sabo wanzami ya zo ranar Juma'a ya cire wa ƙanwata Umaima beli. Baba, don girman Allah, wane beli? Yarinya 'yar shekara bakwai tana numfashi kamar ana busa usur, ruwa ma sai ta runtse ido take haɗiya. An yanki tsoka an auna, likita ya ce sankara ce a maƙogwaro. Ni bakanike ne, ban yi jami'a ba, amma babu abin da ban karanta a kan ciwon nan ba, ina ƙarƙashin mota ma waya na hannuna. In ƙarfe ya taɓa wurin, jinin ba zai tsaya ba. Sabo ne zai tsayar da shi? Da me, da toka?

Na san na ɗaga wa Kaka murya a gaban mutane, ban kyauta ba. Ku hukunta ni. Ita me ta yi?

Allah ya ƙara girma.
Ɗanka, Bilal

Unguwar Dosa, Laraba

Bilal,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mutanen gida suna amsawa. Takardarka ta iso, kuma har yanzu bakinka ya fi hankalinka sauri.

Kana zaton ban je ba. Na je asibitin ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Likitan ya ce za su huda mata wuya su sa bututu, a yi ta ɗura mata magani har gashinta ya zube, kuma wataƙila muryar ba za ta dawo ba. Na tambaye shi yara nawa ya taɓa yi wa maganin irin wannan. Ya ce ciwon ya fi kama manya, da wuya a gan shi a jikin yaro. Biyu ya taɓa gani. Na miƙe na fito, ban iya tambayar inda suke ba.

Sabo ya cire wa yaran gidan nan beli, har da kai, babu wanda ya rasu. Kakarka uwata ce, ta ce a gwada nasa tukuna. Kai mai karatu, gaya mini: in miƙa 'yata a koyi aiki a kanta?

Allah ya shirye ka.
Mahaifinka, Abdurrahim

Asibiti, Alhamis

Baba,

Salamu alaikum. Ku daina nema, Umaima tana wurina. Jiya da yamma na ɗauko ta daga Islamiyya a keke Napep, na ce wa malaminsu kai ka aiko ni. Ƙarya na yi, kuma gobe ma zan sake.

A hanya numfashinta ya sarƙe, leɓenta ya canza kala. Mai keken ya riƙa cewa, "Malam, kar ta mutu mini a ciki fa!" Na ce ja mu je, ɗan rainin wayo. Yanzu an sa mata iska, ta samu sauƙi.

Tambayar da ka kasa yi, na yi ta. Na tare likitan a baranda, har ya ce in rage murya. Ɗaya ya rasu, Baba, ba zan ɓoye maka ba, an kawo shi a makare. Ɗayan yana raye. Na nace har likitan ya kira uwar yaron, ta yarda in yi magana da ita. A Kurmin Mashi suke. Muryarsa a dishe take, amma ta ce da ita yake hana ƙannensa sakat.

Ba za su fara komai ba sai uba ya sa hannu. Wallahi saura kaɗan in ce musu ka rasu. Umaima ce ta ja rigata, ta raɗa mini, "Yaya, ka gaya wa Baba ba guduwa na yi ba, kai ka sato ni."

To na gaya maka. Ka zo ka mare ni a nan, amma ka zo.

Ɗanka, Bilal

Unguwar Dosa, Juma'a

Bilal,

Wa alaikumus salam. Sabo ya zo, na ba shi haƙuri ya koma. Kakarka ba ta yi mini magana ba tun safe.

Ban ce na yarda ba. Bayan an sauko daga masallaci ka same ni a bakin titi, ka kai ni gidan yaron nan. Ina so in ji muryarsa da kunnena. Jamila na tafe, kada ka taso sai ta zauna kusa da ƙanwarka.

Ka ce wa Umaima na ji saƙonta.

Mahaifinka