Mutanen Cikin Kwalba

Lahadi, 8 ga Maris, 2020

An rufe jami'a saboda korona, da saƙo ɗaya a waya. Ni da ɗinki a ciki da jaririya 'yar sati biyu, na tasa mijina Maharazu gaba sai ɗakin gwaji. Muka kwaso kwalabena kaf, da fitilarsu, da jarkar tacaccen ruwan teku, da madubin duba ƙwayoyi da Farfesa ta ara min. A mota yana ta mita, wai matan mutane jego suke yi, tasa kiwon ruwa take. Ya yi ta yi.

Abin da ke cikin kwalaben nan daga ƙwaya ɗaya tak na raine shi, wadda na tsinto a ruwan Khor, mashigin tekun nan Dubai, gefen jiragen katako na Port Saeed, shekara uku da suka wuce. Ido ba ya ganinsu, amma in suka yi yawa su ne ke mayar da teku ja, kifi ya yi ta mutuwa. Babin ƙarshe na digirina a kansu yake: wane zafi da wane datti ne ke tayar da su. In ba a sauya musu ruwa ba mutuwa suke yi, kuma wannan irin babu mai shi sai ni.

Na jera su a ƙaramin ɗaki. Inna ta leƙo ta tambayi mene ne. Na ce kayan makaranta ne. Ta taɓe baki ta koma kan tukunyarta.

Laraba, 25 ga Maris

An tsayar da jirage. Inna da ta zo daga Haɗeja don wankan jegona ta maƙale ke nan, sai yadda hali ya yi.

Tunda ta ji labarin cutar nan ba abin da ya tsira a hannunta. Cokali, mariƙin ƙofa, har makullin mota sai ta ƙona da ruwan zafi. Kuma a banɗakin hawa na tara ma sai ta yi bismillah kafin ta zubar, wai kada ta ƙona waɗanda ba a gani. Na ce Inna, aljanun Dubai a lif suke hawowa? Ba ta kula ni ba. Da ma ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta taɓa kira ba. Yanzu kuwa ta samu masinja: ta kalli Sa'adiya a zani ta ce, "Ki ce wa uwarki ta rage baki."

Asabar, 28 ga Maris

Inna ta wanke kwalaben.

Lahadi, 29 ga Maris

Jiya na kasa rubutu. Mun je asibiti a duba ɗinki, ko awa biyu ba mu yi ba. Muna dawowa na gan su a kife a kan tire, a jere, suna ƙyalli. Duka. Ta juye su, ta cika su da ragowar ruwan wankana mai tafasa, ta bi da soso. Har toshin audugar ta cire ta zubar.

Kuma murna take! Wai ruwan ya ruɓe ya koma kamar shayin da ya kwana, ga jaririya a gida, ga annoba a gari, wace irin ƙazanta ce wannan?

Innalillahi. Na ɗaga wa Inna murya. Ni. Ban san me da me na faɗa ba, na dai tuna na ce shekara uku ta zubar a masai. Ta tsaya da soso a hannu tana kallona kamar ba ta san ni ba. Sai ta ce wa Sa'adiya, "Ai ruwa ne. Ga teku can, a ɗebo wani."

A ɗebo wani!

Talata, 31 ga Maris

Na kira Farfesa. Na gaya mata abin da ya faru. Sai ta ce da Larabcinta, "Khalas, shi ke nan? Duka, habibti?" Na ce duka. Ba wanda zai bar mu mu shiga ruwa ɗibar samfuri yanzu, kuma ko an bari, ba kullum ake samunsu ba. Lokacina a Disamba zai ƙare.

Maharazu wai in yi haƙuri, Inna ba ta sani ba. Na sani ba ta sani ba! Shi ne ma abin da ke ƙona min rai, ba wanda zan kama.

Juma'a, 10 ga Afrilu

Kulle ya yi tsanani, ko kanti sai da izini. Ni da Inna a gida ɗaya, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ta dama min kunun kanwa ta ajiye a bakin ƙofa. Na sha, don yunwa ba ta san fushi ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Maharazu yana neman attarugu a ƙasan firji ya zaro baƙar leda ya ce wannan wace irin daddawa ce mai warin ƙwai? Na kusa faɗuwa. Lakar Khor ce, wadda na ɗebo bara a wurin da na samo ƙwayar farko, na kawo gida na manta da ita sarai. Halittun nan in ruwa ya yi musu wuya sukan shige ɓawo su kwanta a laka, kamar irin ciyawa da rani. In an dace, haske da ɗumi na iya tashinsu.

In an dace. Na tace, na zuba a ƙananan faranti ƙarƙashin fitila. Na sa wa ɗakin makulli a gaban Inna. Ta gani.

Litinin, 27 ga Afrilu

Azumi ya kama. Komai ya farka a lakar nan, har da wasu tsutsotsi da ban gayyata ba, ban da waɗanda nake nema.

Laraba, 6 ga Mayu

Na gan ta! Da hantsi, guda ɗaya, tana juyi tana iyo abinta. Ihun da na yi ya tashi Sa'adiya, Inna ta shigo a guje ta zaci ɗinkin ne ya ɓalle. Ban san me ya hau kaina ba, na jawo hannunta na ce ta sa ido a madubin.

Ta daɗe tana neman inda za ta kalla. Sai na ga ta sandare. Ta ja da baya ta duba farantin, ruwa fes ba komai, ta sake sa ido.

"Motsi yake."

Na ce eh.

"Rai gare shi?"

Na ce eh mana, me kika zaci nake kiwo?

Ta tambayi ko irinsa ne a kwalaben da ta wanke, kuma sun kai nawa. Wai sun kai mutanen Haɗeja? Na ce Inna, kwalba ɗaya ta ninka su ba adadi. Ta lalubi kujera ta zauna. "Da ruwan zafi," ta ce. Ta sake cewa, "Da ruwan zafi." Matar da tun tasowata ba ta taɓa zubar da ruwan zafi a ƙasa ba sai ta yi wa waɗanda ba a gani kashedi.

Wallahi ban taɓa ganin fuskarta haka ba, tsoro ya kama ni. Na shiga lallashi, na ce ai mugaye ne, kifi suke kashewa. Ta ɗago ta kalle ni, ni ɗin, ba Sa'adiya ba. "Ke kika halicce su?"

Da aka sha ruwa dabino ɗaya ta ci.

Alhamis, 7 ga Mayu

Abin da ya ɗaure min kai: na yi mata kukan shekara uku, na yi kukan digiri, ko gezau. Yau ta sa Maharazu ya kai abincin sadaka wa masu gadin gininmu. Ban tambayi na mene ne ba.

Asabar, 23 ga Mayu

Na tsinci ƙwaya na ware ta ita kaɗai, ta mutu. Ta biyu ma haka. Ta uku ta rabu biyu, yau sun fi ƙarfin ƙirga da ido. Farfesa ta ce yalla, maza, in sun yi ƙarfi a sake gwajin daga farko, ba barci.

Na cire makullin ɗakin. Inna ta karɓe fitila ba tare da an ba ta ba: ta kunna in ta idar da asuba, ta kashe da magariba. Ina jin ta daga gado tana shiga da sallama.

Lahadi, 21 ga Yuni

Kwalba ta fara launin shayi. Inna ta ɗaga ta a haske ta ce wa Sa'adiya, "Mutanen nan sun yi ƙiba."

Litinin, 20 ga Yuli

An samu jirgin kwashe mutane, Inna ta tafi. Na yi niyyar in durƙusa in ba ta haƙurin maganar da na yi mata, na shirya kalmomin tun jiya. A bakin ƙofa ta riga ni, ta kama ƙafar Sa'adiya ta ce, "Ki ce wa uwarki kada ta manta fitilar mutanen nan." Shi ke nan, lif ya rufe.

Gidan ya yi faɗi da yawa.

Talata, 22 ga Satumba

Mun koma ɗakin gwaji, gwaji yana tafiya, zan kai Disamba in sha Allah.

Yau ranar sauya ruwa. Ka ɗebi kaɗan ka sa a sabuwar kwalba, tsohuwar ka zuba mata bilic ya kashe na ciki, ka juye. Tun da na fara aikin nan nake yi ina hira, wani lokacin ina cin biskit. Yau na tsaya da robar bilic ɗin a hannu har wata 'yar Masar da ke kusa da ni ta tambayi ko lafiya. Na ce hannuna ne ya sage. Na dai yi bismillah a hankali, ai ba laifi ba ne.

Da yamma Inna ta kira. Kafin ta tambayi Sa'adiya ta ce ya mutanen. Ban gaya mata ranar zubarwa ce ba. Na ce suna gaishe ta.