Ranar da Babanka Ya Juya Baya a Madani

Zuwa ga ɗana Osman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Intisar da yara, da aikinku can Damazin. Mu nan ƙauye alhamdu lillahi, an fara tsinkar auduga. Sai dai jikin babanka ya yi nauyi, ko masallaci ba ya iya zuwa.

Ka san labarinsa na Madani, tun da shi ya raba ku. Yana saurayi babu ɗan damben da ke tsaya masa daga Kamlin har Makwar, sai aka kai shi gwajin damben safar hannu. Ya naushi abokin karawarsa, gwiwar mutumin ta taɓa ƙasa. A dambenmu ai magana ta ƙare ke nan, sai gogan naka ya ɗaga hannu ya juya baya yana taƙama. Mutumin ya miƙe ya shimfiɗe shi. Tun daga ranar yake cewa wasan maha'inta ne, kuma da ka so shiga ya rantse ba da yawunsa ba. Ka tafi da fushi, ni kuma na zauna tsakaninku ina haɗiyar magana.

To, makon jiya jikarsa Huda ta nuna masa damben kambun duniya a wayarta, tsofaffin nan marasa launi da yake ji a rediyo dā bai taɓa gani ba. Ya ga an kayar da zakara, alƙali yana ƙirge, zakaran ya tashi ya ci wasan, jama'a suna tafi. Ya sa ta maimaita. Daga baya ya ce ashe haka dokar take ga kowa, ba shi kaɗai aka yi wa ba.

Osman, babanka ya yi kuka. Ya ce ya tare maka hanya a banza, yana so ya faɗa maka da bakinsa. Ka zo.

Mahaifiyarka,
Kulu

Zuwa ga ɗana Osman,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya haƙuri? Kawunka Mamuda ya ce ya sanar da kai rasuwar babanka ta waya. An yi jana'izar bayan azahar, mutane sun taru sosai.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Taurin kanku ɗaya, na sani tun kana goye. Abin da ke cin raina, waya tana gidan nan, amma ya ƙi a kira ka. Ya ce irin wannan magana ba a yin ta sai ido da ido. Da safen ranar da ya rasu ma ya tambaya ko ka taso, na ce masa kana hanya. Sai ya sa aka gyara masa zama, aka juyo da fuskarsa wajen ƙofa. A haka ya cika.

Ka gaishe da Intisar da yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Kulu